Manhaja Ɗari Biyu Don Sakan Tara

Zuwa ga Shugaba da sauran membobin ƙungiyar da ta haɗa tsarin kwamfuta na Sassauƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyayenku da iyalanku. Yaya aiki, yaya ƙoƙari? Allah ya ƙara muku basira, ya sa abin da kuke yi ya zama sadaka mai gudana.

Sunana Habu, tsohon mai buga takardu ne ni, ina zaune a Sule Tankarkar. Na shafe shekara talatin da ɗoriya a bakin tafireta, tun zamanin mai ƙararrawa, har na yi ritaya. Yanzu duk ranar Alhamis nakan hau mota zuwa kasuwar Maigatari, in kafa ɗan teburina a rumfar wani mai firinta, in buga wa mutane takardar neman aiki ko ta shaidar cinikin gona, shi kuma ya fitar musu. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka wanda bai san kan allo ba ne yake muku ƙorafi. Ina jin Turanci, kuma ba na danna komai sai na karanta abin da kwamfuta ta rubuto.

Sau biyu na rubuta muku ta adireshin da ke bayan takardar da kuka raba mana. Duka biyun amsa ɗaya ta dawo cikin ƙiftawar ido, da Turanci, wai an karɓi saƙona an ba shi lamba. Lambar tana nan a littafina, ta kusa shekara ba wanda ya neme ta. Shi ya sa na fito da maganar fili, kuma da Hausa, don ko ku ba ku karanta ba, wani a gidanku ya karanta ya gaya muku. Ba faɗa na zo yi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zan fara da yabo, domin kun cancanta. Lokacin da kuka zo Gumel kuna saka wa mutane tsarinku kyauta, na je da 'yar tsohuwar kwamfutata wadda kowa ya ce in jefar, saboda rumbun ajiyarta ƙanƙane ne, ga jan ƙafa. Wata yarinya a cikinku, mai ladabi, ita ta saka mini. Ta ce, "Baba, wannan ba ya cin wuri, ba ya cin data, don irin kwamfutarka aka yi shi." Kuma ba ta yi ƙarya ba a ranar. Kwamfutar ta farfaɗo, tana buɗewa kafin in gama gyara zama, har haruffanmu masu lanƙwasa tana bugawa ba gardama. Na yi ta yabonku a majalisa har aka fara yi mini tsiya wai ƙungiyar ta ɗauke ni talla.

To ga abin da ya kawo ni.

Matata Saude ta rasu, shekara biyu ke nan. Ita ba ta yi boko ba, ajami take karantawa, don haka tun da 'yarmu Bilki ta ba kowannenmu babbar waya, ba ta taɓa rubuto mini saƙo ba, magana take yi ta turo. Duk Alhamis ina Maigatari sai ta turo: in sayo kanwa, in duba mata farashin wake, kada in sha ruwan sanyi saboda ƙirjina. Wani lokaci ba saƙon komai, tsokana ce kawai. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe, da hantsi, na ga saƙonta ya shigo, mutum uku suna tsaye a kaina, ga hayaniyar manyan motoci. Na ce in na tashi na saurara a mota. Kafin la'asar aka kira ni cewa ta faɗi a tsakar gida. Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa bayan kwana biyu.

Ban iya buɗe saƙon nan ba, ƙirjina bai ɗauka ba. Ana cikin haka batirin wayata ya kumbura, ta fara mutuwa tana tashi. Bayan sadakar arba'in, kafin Bilki ta koma gidan mijinta a Damagaram, ta kwashe mini duk muryoyin da hotunan da ke wayar ta zuba a kwamfuta, ba tare da ta saurari ko ɗaya ba, don yarinya ce mai kunya. Wayar ta ƙarasa mutuwa bayan mako guda, na koma riƙe ƙarama mai maɓalli. Saƙonni sittin da uku ne. Na ƙarshen, wanda ban taɓa ji ba, tsawonsa sakan tara. Ina ganin sunansa da tsawonsa a allo, amma ba na jin sa, kuma dalilin rashin jin ne ya sa na rubuto muku.

Na farko. Ranar da zuciyata ta yarda, wata kusan takwas bayan rasuwar, na zauna a zaure bayan azahar na danna saƙon. Kwamfuta ta ce ba ta da manhajar kunna murya. Ban ji haushi ba, na san kun cire abubuwa da yawa ne don tsarin ya yi sauƙi. Na shiga rumbun manhajojinku na zaɓi mai kunna murya guda ɗaya, wadda kuka sa a sama. Sai ta fito mini da jerin sunaye, ta ce kafin wannan ɗaya ta zauna, sai an sauko da wasu ɗari biyu da goma sha huɗu tare da ita, nauyinsu megabait ɗari takwas da wani abu. Na ɗauka idona ne. Na sa tabarau, na ɗauko biro, na kwafe jerin kaf cikin littafina, ya ci shafi biyar. A ciki akwai kayan firinta, ni kuwa ban mallaki firinta ba. Akwai kayan ƙona faifan sidi, kwamfutar ko ramin saka faifai ba ta da shi. Akwai haruffan Sinanci da na Japananci, da kayan hasashen yanayi, da na aika wasiƙar intanet, da wata babbar taga, wato fuskar allon kwamfuta, sabuwa fil mai ado, bayan ga wadda nake amfani da ita lafiya lau. Kowace manhaja ta riƙo hannun wata, waccan ma ta riƙo na wasu uku. Ni na sa musu suna 'yan rakiya. Ranku ya daɗe, a kasuwar Maigatari in ka sayi rago, igiya ake haɗa maka, don ba ya tafiya sai da ita. Ban taɓa ganin an ce sai ka kwashi garken da makiyayin da karensa ba. Ku gaya mini, mene ne haɗin haruffan Sinanci da muryar Saude?

Na biyu. Wurin da ya rage a kwamfutar megabait ɗari biyar ne da 'yan kai. Tsarinku bai ce mini ga wata ƙarama da za ta shiga ba, bai ce ga abin da za a iya bari ba. Cewa kawai ya yi wuri bai isa ba, in share wasu abubuwa. Sabis a unguwarmu sai a hankali, don haka na jira Alhamis, na sayi datar kwana ɗaya, na roƙi mai rumfa ya haɗa ni da wayarsa. Na fara da goge kayana: samfurin takardun da na tara tun ina aiki, da tarihin zuriyarmu da na fara bugawa ban gama ba. Wuri bai isa ba. Abin da ya rage mai nauyi shi ne jakar hotuna, kusan duk na Saude ne: ranar sunan jikarmu, ranar da ta dawo daga ziyara a Damagaram da sabon mayafi, da wani da na ɗauka ba ta sani ba tana tankaɗe. Fulash ɗin da ke wurin na mai rumfa ne, yana yawo hannu-hannu daga safe zuwa yamma, ba zan zuba hotunan matata a ciki ba. Cajin kwamfuta yana raguwa, datar ta kwana ɗaya ce. Na ce wa raina, ai ina da ƙaramin hotonta na katin shaida a aljihu, fuska ana iya riƙewa a takarda, murya kuwa ba a bugawa. Na goge.

Wannan kam akwai laifina a ciki, ba zan ɗora muku duka ba. Da na yi haƙuri na sayi fulash nawa na dawo wani makon, da hotunan suna nan. Gaggawa ce, irin ta wanda ya daɗe yana jira. Amma ku tambayi kanku wane ne ya ajiye dattijo tsakanin fuskar matarsa da muryarta, ya ce ya zaɓa, don a samar wa kayan firinta wurin zama.

Na uku. Ku da ke birni wataƙila ba ku san halin sabis a bakin iyaka ba. A Maigatari waya tana iya kasancewa a hannunka a Najeriya, ita kuma ta tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar ba sallama. Manhaja ɗaya ƙarama da ta sauka kafin wayar ta yi wannan halin. Amma ɗari biyu da goma sha huɗu sai da suka kai mu har bayan azahar, ina zaune ina kallon lamba tana hawa, na sallami masu son bugu har mutum huɗu. Muna kan ɗari da casa'in da ɗaya sabis ya tsallaka, komai ya tsaya. Da ya dawo na ce ta ci gaba, sai ta ce wuri ya sake cika, domin ashe kowane ƙunshi in an kwance shi yana ƙara faɗi, wannan kuwa ba a gaya mini da farko ba. Tun daga ranar kwamfutar ta maƙale a tsakiya. In na ce ta saka wani abu, sai ta ce akwai aikin da bai ƙare ba. In na ce ta ƙarasa, sai ta ce ba wuri. Na ce to bari in cire kayan firintar nan, sai ta ce in ya fita zai tafi da wasu sittin da biyu, cikinsu har da tagar da nake bugu a kanta. Wato baƙon da ban gayyata ba ya shigo, ya kuma rantse in zai fita sai da ƙofar gidan. Na janye hannuna, tsoro ya kama ni.

Na huɗu. Na san abin da za ku ce: in kai wa mai gyara, ko in zuba muryoyin a wayar wani in saurara. Na kai. Na je Gumel wurin wani mai gyara da ake yabo, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya jujjuya ta ya ce shi bai san wannan tsarin ba, a duk layin ma ba wanda ya san shi, maganinta kawai a wanke ta tas a saka wanda kowa ke amfani da shi. Na ce ba za ta ɗauka ba, rumbun ƙarami ne, kuma akwai amana a ciki. Ya ce, "To Baba, kawo in kwashe muryoyin in kunna maka a nan, minti nawa ne?" Ya miƙa hannu wajen wata ƙatuwar lasifika da yake gwada kaya da ita, mutane kusan shida suna zaune a benci suna jiran wayoyinsu. Na rufe kwamfutata na yi masa godiya na fito.

Wataƙila a wurinku wannan tsufa ne da taurin kai. Bari in yi muku bayani. Shekara talatin da takwas muna tare, Saude ba ta taɓa kiran sunana a gaban mutum ba, ko a gaban 'ya'yanta. Malam take cewa. Amma a cikin saƙonnin nan akwai sunan da take kirana da shi, wanda daga ni sai ita, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Akwai dariyar da ba ta yi sai ta tabbata ba kowa a gidan. Macen da ta rayu da kunyarta ta koma ga Allah da ita, ni ne zan zuba muryarta a lasifikar kasuwa, ko a wayar maƙwabci da 'ya'yansa ke wasa da ita? Bilki ta ce in turo mata ta gyara, na ce a'a, ita ma ta gane, ba ta sake tayar da maganar ba. 'Ya ba ta sauraron abin da ke tsakanin uwarta da ubanta. Na dai sayi fulash nawa yanzu, na kwafe muryoyin na ajiye a ƙasan akwati, bayan ɓari ya riga ya auku. Ƙaramar wayata ba ta gane irin wannan murya. Abin da nake so shi ne in ji ta a ɗakina, ni kaɗai, a kwamfutar da kuka ce mini ta wadatar.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai. A ranar da na je wurin mai gyaran, ina zaune a tashar Gumel ina jiran mota ta cika, na buɗe littafina ina duba jerin nan. Wani bawan Allah kusa da ni ya leƙo ya yi sallama, ya ce shi malamin makaranta ne a Gagarawa Tasha, ya taɓa amfani da irin tsarinku. Ya bi sunayen da yatsa, shafi bayan shafi, yana girgiza kai. Ya ce, "Malam, ai waɗannan yawancinsu ba dole ba ne, shawara ce kawai. Na dole ba su wuce goma sha ɗaya ba. Sauran, su masu tsarin ne suka bar ƙofa a buɗe, duk wanda aka ba da shawararsa sai ya shigo." Ya ce akwai wani umarni da ake bugawa a baƙin allo a ce ban da na shawara, ya rubuta mini shi a gefen shafi. Ya ce akwai ma ƙananan manhajojin murya da ko megabait biyar ba su kai ba, amma ba ku sa su a gaba ba. Kafin in tambayi sunansa motarsu ta cika, ya tafi. Na dawo gida na buga umarnin harafi-harafi, sau uku. Kwamfuta ta ce akwai aikin da bai ƙare ba.

Goma sha ɗaya, ranku ya daɗe. Da wurin da nake da shi tun farko ya ishe su, har da ragowa. Da ban goge komai ba. Da na ji saƙon nan a zaure tun ranar farko, ko da sabis ɗin unguwarmu mai rarrafe. Ilimin yana wurinku, kun sani, amma kuka ɓoye shi a inda sai ɗan'uwanku masani zai gani, kuka bar mana maɓalli guda mai cewa ci gaba. Wannan ba sharrin na'ura ba ne, mutum ne a cikinku ya zauna ya zaɓi haka, wataƙila a gaban kwamfuta mai faɗin rumbu da sabis da ba ya yankewa. Ban ce mugu ba ne. Cewa na yi bai tuna da mu ba, alhali da sunanmu kuka yi aikin.

Gidan nan yanzu shiru ne. Maƙwabciyarmu tana aiko mini da abinci, Allah ya saka mata, in ci a zaure in mayar da kwano. Da la'asar, lokacin da Saude ta saba kunna rediyo tana gyaran wake tana mayar wa masu labarai martani, sai in buɗe kwamfutar in duba jerin saƙonnin. Na haddace tsawon kowanne. Na san mai minti biyu da sakan goma shi ne na ranar da akuya ta cinye mata shanya, tana faɗa tana dariya. Kalmomin suna nan a kaina. Abin da ke tsorata ni shi ne sautin ya fara gudu. Kwanaki na so in tuna yadda take faɗin sunan nan nawa, sai na ji shi da muryar Bilki. Ban gaya wa kowa wannan ba sai ku, ku da ban sani ba, kuma wannan ma ya isa ya nuna muku irin kaɗaicin da nake ciki.

Don haka ina roƙon ku abubuwa kaɗan.

Ku rufe ƙofar nan ta 'yan rakiya. Wanda ya nemi manhaja ɗaya, ku ba shi ita da abin da ba ta tashi sai da shi, sauran ku tambaye shi, da harshen da zai gane, ku nuna masa wanne ne dole wanne ne shawara. Ku sa ƙananan manhajoji a gaba, manya a baya, tunda don ƙananan kwamfutoci kuka ce kun yi. Ku riƙa faɗin ainihin wurin da kaya za su ci bayan an kwance su, kafin mutum ya goge abin da ba ya dawowa. Kuma kafin ku saki sabon aiki, wani a cikinku ya ɗauki tsohuwar kwamfuta ya zo Maigatari ranar kasuwa ya gwada saukewa. Zan ba shi kujerata da ruwan sha.

Sannan roƙona na kaina. Ku rubuto mini, ta hannun mutum ba na'ura ba, matakan da zan bi in warware aikin nan da ya maƙale ba tare da na taɓa jakar muryoyin ba, sannan in saka ƙaramar manhaja guda. Ku rubuta dalla-dalla, ni mai bugu ne, ba na tsallake harafi. Ba na neman sabuwar kwamfuta, ba na neman a biya ni hotuna, don ba ku da su. Wannan takardar ma sai da na goge wasu guda biyu kafin ta sami wurin zama.

Ina yi muku addu'a da zuciya ɗaya. Allah ya albarkaci hannuwanku, ya raya muku zuriya, ya bar ku da abokan zamanku har tsufa. Yarinyar nan da ta saka mini tsarin a Gumel, in tana cikinku har yanzu, ku gaishe ta, ku ce Baba bai riƙe ta a rai ba.

Na san Saude. Sakan tara ba zai wuce ta ce in sayo kanwa ko in taho da wuri ba. Na ma sayi kanwar tun Alhamis ɗin da ta biyo bayan arba'in, tana nan a ƙulle a kan taga, ko da ita ce. Ina dai so in ji daga bakinta, tun ina iya gane cewa ita ce ke magana.

Wassalam.

Naku,
Habu mai buga takardu,
Sule Tankarkar.